Yini Guda a Dajin Epping Lokacin Tofon Itatuwa: Tambayoyi da Amsoshi

'Yan'uwa da ke zaune a Landan, ɗalibai da masu aiki, sukan tambaye ni yadda nake tashi da sassafe in shiga daji da ƙafa, ba a sake ganina sai bayan magariba. Wasu tausayina suke ji, wasu kuma sha'awa ce ke cin su amma tsoro ya hana. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya tashi a ƙasarmu, musamman a 'yan shekarun nan, in aka ce masa daji ba shaƙatawa ce ke fara zuwa zuciyarsa ba. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan Dajin Epping, wanda shi na fi sani, na amsa su gwargwadon abin da na gani da abin da na tabbatar.

Wane lokaci ne ake nufi da lokacin tofo? Shi ne bazara?

Ba shi ba ne, ko da yake watanninsu ɗaya. Bazararmu zafi ce da gumi da jiran ruwa. A Ingila kuwa, daga Maris zuwa Mayu, ƙasa ce ke farfaɗowa bayan sanyin hunturu. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne makonnin farko na damina, lokacin da aka yi ruwan shuka, ƙasa ta yi kore shar, ƙwari suka fito, kwaɗi suka buɗe baki. Bambancin kawai, a can gida ruwa ne ke tayar da komai, a nan kuwa ɗumi ne da tsawon yini.

Idan za ku zaɓi rana, ku zaɓa tsakanin ƙarshen Afrilu da ƙarshen Mayu. A tsakiyar Mayu rana na fitowa a Landan jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai wajen 8:45 na dare. Haske na awa 15 da ɗoriya ke nan. Ganyen da ya fito a makonnin nan taushi gare shi, haske na ratsa shi, korensa kuma ba ya daɗewa a haka. Kafin Yuli ya yi duhu ya yi kauri, tsuntsaye sun rage kuka, dajin ya zama wani abu daban.

Ina dajin yake, kuma yaya ake zuwa?

Yana arewa maso gabashin Landan, siriri ne mai tsawo. Ya faro daga unguwar Manor Park ya miƙe kimanin kilomita 19 har ya wuce garin Epping a yankin Essex, faɗin ƙasarsa kuma ya kai hekta 2,400. Jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street yana kai mutum Chingford cikin kusan rabin awa, daga nan minti goma a ƙafa kun shiga fili. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Central kuma yana tsayawa a Loughton da Theydon Bois da Epping, duk a gefen dajin. Shiga kyauta ne, ba ƙofa ba mai gadi. Masu mota ne kawai ke biyan kuɗin ajiyewa a yawancin wuraren.

Wace hanya ce ta cancanci yini guda?

Wadda na fi so ita ce daga Chingford zuwa Epping, a tafi da jirgi ɗaya a dawo da wani. Ana fara hawa 'yar gangara zuwa wani tsohon gini na katako mai hawa uku, wanda aka gina wa Sarki Henri na 8 a 1543 domin manya su tsaya a sama su kalli farauta. Daga nan a gangara tafkin Connaught Water, a kutsa cikin itatuwa zuwa High Beach inda akwai wurin shan shayi da bayan gida, a tsallaka titi zuwa Loughton Camp, a nausa arewa ta Great Monk Wood, a biya ta Ambresbury Banks, sannan a fita ta Bell Common zuwa tashar Epping. Loughton Camp da Ambresbury Banks ragowar ganuwa ce ta ƙasa, wadda mutanen dā suka tayar shekaru fiye da 2,000 da suka wuce. Duk wanda ya taɓa ganin inda badala ta zaizaye ta koma tudu zai gane su nan take, sai dai waɗannan manyan itatuwa sun tsiro a kansu.

Tafiyar ba ta wuce kilomita 13 zuwa 16 ba, gwargwadon ratsen da aka yi. Mai sauri zai gama cikin awa huɗu, amma ban ba kowa shawarar haka ba. Ni nakan ba ta awa tara ko goma. Wanda ya shigo yana ƙirga taku zai fita ya ce ba komai a dajin sai itace da laka, alhali ya wuce abu dubu da ƙafarsa. Akwai kuma doguwar hanya ta mil 15 tun daga Manor Park, ga wanda ƙafarsa ta saba.

Ba namun daji masu haɗari?

Babu. An ƙarar da kyarkeci a Ingila shekaru ɗaruruwa da suka shige, akwai dai yanyawa a dajin nan, ita kuwa gudun mutum take yi.

Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a duk Birtaniya, dangin kububuwa ne, ana gane shi da zanen baƙi mai zigizaga a gadon bayansa. Akwai shi a Epping, a wuraren da ke da fili da rana, kuma a wannan lokacin ne yake fitowa shan hantsi. Ba ya sara sai an taka shi ko an kai masa hannu, rabon da saransa ya kashe mutum a Birtaniya tun 1975. Duk da haka in ya sari wani a kira 999 a tafi asibiti, kada a ɗaure wurin, kada a tsaga, kada a tsotsa. Roƙona ga 'yan'uwa shi ne a bar sanda a ƙasa. Mun saba duk macijin da aka gani sai an kashe, a nan kuwa doka ta hana kashe shi, kuma yawancin wanda za ku gani a bakin tafki macijin ciyawa ne marar dafi, mai ɗan rawaya a wuya, kwaɗi yake nema.

To mene ne abin da ya kamata a kiyaya da gaske?

Kaska. Mu da muka taso da dabbobi mun raina ta, domin mun saba cire ta daga kunnen akuya da hannu. Kaskar nan daban take ta fuska biyu. Na farko, wadda ta fi kama mutum a wannan lokacin ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi ƙwayar acca ba, cizonta kuma ba ya zafi. Na biyu, wasunsu na ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Lyme, wadda in aka bar ta takan taɓa gaɓoɓi da jijiyoyi, wani lokaci har zuciya. Ba kowace kaska ke da ita ba, mafi yawa ba su da ita, amma ba a gane mai ita da ido.

Ba ta tashi sama, ba ta tsalle. Hawa kan ciyawa take yi ta buɗe ƙafafu tana jiran barewa ko kare ko mutum ya goga. Saboda haka a sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, a zaɓi tufafi masu haske don a gan ta tana tafiya, a fesa maganin ƙwari mai sinadarin DEET, a kuma bi tsakiyar hanya inda ciyawa ta yi tsawo. Mata masu doguwar riga ko zane su sa wando da safa a ciki, don gefen tufafin shi ke sharar ciyawa.

In an same ta ta kafe, a sa matsefata mai siririn baki a kama ta daf da fata, a ja sama a hankali ba murɗawa ba matsewa, a wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta da ashana, kada a shafa mata mai ko kananzir. Sannan a sa wa wurin ido. Alamar cutar ita ce wani tabo mai zagaye da ke ƙara faɗi, yakan fito tsakanin mako 1 zuwa 4, wani lokaci har wata 3. Ga abin da nake so kowa ya riƙe: hotunan da ake nunawa galibi na farar fata ne, inda tabon ke fitowa ja. A fatarmu yakan yi duhu kamar wurin da aka buge jini ya taru, yana da sauƙi a wuce shi. In an ga haka, ko aka ji zazzaɓi da ciwon jiki bayan an shiga daji, a je wurin likita a faɗa masa an shiga daji. Kada a ce maleriya ce a sha ragowar maganin da aka zo da shi daga gida. Idan aka tare ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan makonni yana gamawa da ita.

Sauran masu cizo da harbi fa?

Akwai sauro a kusa da kududdufai, amma ba ya ɗauke da maleriya. Akwai rina manya, ba ruwansu da mutum in bai je gidansu ba. Akwai wata ciyawa mai ganye kamar zarto da ke cika gefen hanya, in ta taɓa fata sai raɗaɗi da ƙaiƙayi, ƙanwar karara ce, yakan lafa cikin 'yan awoyi. Wanda ya fi su muni wata tsutsa ce mai gashi da ta ɓulla a Landan wajen 2006, tana tafiya a jere kai bin wutsiya a jikin wani babban itace da ake kira oak, tana saƙa farin gida kamar auduga, daga Mayu zuwa Yuli. Gashinta na kawo ƙuraje da ciwon ido da sarƙewar numfashi. A kalla daga nesa, kada a zauna a ƙarƙashin itacen.

Me ya sa itatuwan suke da wata irin siffa, gindi kato gajere, sannan rassa manya su tashi daga wuri ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da nake jin daɗinta, domin amsarta ce tarihin dajin gaba ɗaya. Duk wanda ya ga yadda makiyaya ke hawa gawo da rani su daddatse rassa don shanu, itacen ya sake tofowa, ya riga ya san dabarar. Talakawan ƙauyukan gefen Epping sun yi shekaru ɗaruruwa suna sare kan itace a tsayin da ya ɗan wuce kan mutum, inda bakin saniya da barewa ba zai kai sabon tofo ba. Su sami itacen wuta, dabbobi su yi kiwo a ƙasa, itacen kuma bai mutu ba, hasali ma saran na ƙara masa tsawon rai. A garin Loughton al'ada ta ba su damar sara daga tsakar daren 11 ga Nuwamba zuwa 23 ga Afrilu.

A tsakiyar ƙarni na 19 masu ƙasa suka fara killace dajin yanki-yanki suna sayarwa. Wani lebura a Loughton mai suna Thomas Willingale ya ƙi daina sara a inda aka kewaye, har aka ɗaure wasu 'yan gidansa na kwana bakwai a 1866. Rigimar ta jawo hankalin manya, hukumar tsohon birnin Landan ta shiga shari'a da masu ƙasar, tana kafa hujja da haƙƙin kiwo da ta samu ta filin maƙabartar da ta saya a gefen dajin, ta yi nasara a 1874. A 1878 majalisa ta yi dokar da ta damƙa mata dajin, a bar shi buɗe ga jama'a ba gini ba shinge. Ranar 6 ga Mayu 1882 Sarauniya Biktoriya ta zo High Beach ta sadaukar da shi ga mutane. Abin da ke sosa mini rai shi ne dokar da ta ceci dajin ita ce ta kawo ƙarshen saran talakawan. An biya diyya, da ita aka gina wani zauren taro a Loughton da har yau yake tsaye, sunansa Lopping Hall.

Tun daga lokacin rassan suka yi ta girma ba mai datse su, shekara kusan 150, shi ya sa suka zama kamar itatuwa biyar ko goma a kan gindi ɗaya. Nauyi kan yi musu yawa su tsage, inuwarsu kuma ta kashe furannin ƙasa a wurare da dama. Masu kula da dajin sun ƙiyasta tsofaffin itatuwansa da kimanin 55,000, yanzu suna rage wa wasu nauyi a hankali, suna kuma fara sabon sara a kan ƙanana.

Me ya sa ba a kwashe itatuwan da suka faɗi? Ga makamashi yana ruɓewa a banza.

Nima ranar farko abin da na ce ke nan, ina tuna kuɗin itace da gawayi a gida. Amma da gangan ake barinsu, kuma nan dukiyar dajin take. Ku durƙusa kusa da wani ruɓaɓɓen gungume ku yi minti goma. Za ku ga ramuka ƙanana kamar an yi da basilla, gari yana zubowa, laimar kwaɗi iri-iri a jiki, gizo-gizo, shanshani, dodon-koɗi, da ƙwari masu sulke da ba sa rayuwa ko'ina sai a tsohon itace mai ruɓa.

Sarkinsu shi ne wani ƙwaro dangin buzuzu, wanda namijinsa ke da muƙamuƙi kamar ƙahon barewa, tsawonsa kan kai santimita 7 da rabi. Shi ne mafi girma cikin irinsa na tudu a Birtaniya, yana kuma cikin dalilan da suka sa aka ba dajin kariya ta musamman. Tsutsarsa takan yi shekara 3 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa tana cin ruɓaɓɓen itace, sannan ta fito da fiffike a ƙarshen Mayu, ta rayu 'yan makonni kawai, ta yi barbara ta mutu. Wanda ya ɗauke gungume ɗaya don ya share wuri ya katse aikin shekara biyar. In kun ɗaga ɓawo ko guntun itace don leƙawa, ku mayar da shi yadda kuka same shi.

Waɗanne ƙwari zan gani ba sai na tona ba?

Ya danganta da rana. In gari ya yi lumshi da sanyi, kaɗan za ku gani. In hantsi ya ɗaga da ɗumi, wajen ƙarfe 10 zuwa 3, gefen hanyoyi da filaye sukan cika. Malam-buɗe-littafi rawaya fat shi ke fara fitowa, sai wani fari mai ruwan lemo a bakin fiffike, sai wani ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige da ke tsare ɗan wurin da rana ta faɗo tsakanin ganye, in wani ya zo su tashi sama suna juya juna. Akwai ƙudan zuma masu kauri da gashi, uwayen gida ne da suka kwana cikin ƙasa duk hunturu, suna shawagi ƙasa-ƙasa suna neman ramin kafa sabon gida. A bakin tafkuna, waɗanda sun haura 100 a dajin, wasunsu ramukan bama-baman yaƙin duniya na biyu ne da ruwa ya cika, za ku ga mazari sirara ja da shuɗi, ruwan kuma baƙi ƙirin da 'ya'yan kwaɗi.

Ku tsaya a ƙarƙashin itacen oak a tsakiyar Mayu ku yi shiru. Wani lokaci za ku ji kamar yayyafi a kan busasshen ganye alhali sama garau take. Kashin tsutsotsi ne, dubbai suna cin sabon ganye a sama. Ƙananan tsuntsaye kan daidaita ƙyanƙyasarsu da waɗannan makonni, domin ɗan tsuntsu guda na iya cin tsutsa 100 a yini. A dajin Wytham kusa da Oxford ana bin wannan lissafi tun 1947, an kuma ga tsuntsayen sun matso da ƙwansu gaba da kusan mako biyu saboda ɗumin na zuwa da wuri.

Dabbobi fa, me zan sa ran gani?

Kurege ba sai an nema ba, mai ruwan toka ne, daga Amurka aka kawo kakanninsa a ƙarni na 19. Zomaye na gefen fili da safe da yamma. Barewa iri biyu ce. Babbar tana tafiya garke, ta Epping kuma ta yi suna da duhun gashi, wasu kusan baƙaƙe, har an keɓe musu wani fili kusa da Theydon Bois tun 1959. Ƙaramar ba ta fi gada ba, daga ƙasar Sin aka kawo irinta wani gandu suka tsere suka yaɗu, ita kaɗai take yawo, tana haushi kamar kare. In kun ji haushi a cikin ƙurmi ba mai kare a kusa, ita ce.

Za ku kuma iya cin karo da shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo ba makiyayi. Akwatin da ke wuyansu shi ne makiyayin: na'ura ce mai aiki da tauraron ɗan'adam, in saniya ta doshi iyakar da aka shata mata sai ta yi ƙara, saniyar ta juya. Kiwon nasu ne ke hana sarƙaƙiya cinye filayen. Masu sanyin hali ne, amma a ba su hanya.

Dabarar ganin dabba ɗaya ce da ta maharbanmu: sammako, shiru, iska na bugun fuskarka, da zama wuri ɗaya. In kun tarar da ɗan barewa kwance shi kaɗai a ciyawa, ba maraya ba ne, uwar na kusa, kada a taɓa.

Gaskiya ne wasu tsuntsayen daga ƙasarmu suke zuwa?

Gaskiya ne, kuma wannan ne ya ɗaure zuciyata da dajin. Akwai wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai farin maƙogwaro, nauyinsa bai wuce giram 15 ba, yana kuka a kan ƙayoyin gefen fili daga ƙarshen Afrilu. Hunturun Turai a yankin Sahel yake yin sa, tun daga Senegal har arewacin Najeriya da bakin Tafkin Chadi, inda yake cika ciki da 'ya'yan itacen aswaki ya tara kitse kafin ya tsallake Sahara. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na irinsa ba su dawo ba. Da aka bincika, farin da ya fara a Sahel ne ya cinye su, farin da ya ci gaba har ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 da iyayenmu ke ba da labari. Tsuntsun ya kawo wa Turai labarin tun kafin jaridu su kawo.

Tsattsewa kuma tana isowa farkon Mayu ta juya a Agusta, an tabbatar takan yi wata goma a sama ba ta sauka ba. Duk sanda na ji ɗan mai farin maƙogwaron nan, nakan tsaya in yi tunanin ƙila wata biyu da suka wuce yana kan wata ƙaya a fadamar Haɗejiya da Nguru. Na zaunannun gida kuwa, za ku ji maƙwaƙwafi yana buga itace kamar kalangu, ku ga zalɓe da agwagi a Connaught Water, shaho na kewaya sama.

Me zan sa, me zan ɗauka?

Takalmi mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, domin ƙasar yumɓu ce, laka takan daɗe ko bayan mako ba ruwa. Riguna biyu ko uku marasa nauyi da za a iya tuɓewa ɗaya-ɗaya, don da safe sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, da rana ya hau 17 ko 18. Rigar ruwa ko da sama ta yi wasai. Ruwan sha lita biyu, guzuri mai riƙe ciki kamar dabino da gyaɗa da burodi da ƙwai, shayi a fulas, matsefata, da abin ƙara wa waya caji. A sauke taswira a waya tun daga gida, don akwai kwaruruka da layi ke ɗaukewa.

Yaya batun salla? Karnuka fa?

A tsakiyar Mayu azahar na shiga wajen ƙarfe 1, la'asar bayan 5, alƙibla kuma kudu maso gabas take daga Landan. Nakan ɗauki 'yar dadduma mai leda a ƙasa da ƙaramar gorar alwala daban. In aka ratse taku hamsin daga babbar hanya za a sami busasshen wuri a gindin itace, ban taɓa samun wanda ya dame ni ba. A dai guji doguwar ciyawa saboda kaska.

Karnuka suna da yawa, galibi a sake, musamman kusa da wuraren ajiye mota. Ba cizo suke zuwa yi ba, sunsuna suke yi. Kada a gudu. A tsaya cik a roƙi mai shi ya kira abinsa, yawancinsu nan take suke yi har da ba da haƙuri. Da zarar an yi nisa cikin dajin sai su ragu.

Zan iya tsinkar fure ko naman kaza, ko in hura wuta in gasa nama?

A'a, duka ukun an hana, haka ma kwana da tanti. An sha gurfanar da masu tsinkar naman kaza a kotu, ban da cewa wasunsu guba ne mai kisa kuma suna kama da na ci. Shuɗin furen nan mai kamar ƙararrawa da ke shimfiɗe a ƙasa daga tsakiyar Afrilu, wanda aka fi gani a Chalet Wood cikin Wanstead Park a kudancin dajin, yakan yi shekara 5 zuwa 7 daga iri zuwa fure, in aka tattake ganyensa kuma ya daɗe bai farfaɗo ba. A ɗauki hoto daga kan hanya.

Za a iya zuwa da yara? In aka ɓata fa?

Za a iya, a dai gajarta: zagayen Connaught Water ya ishi ƙananan yara, hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce. Su ne ma suka fi mu ganin ƙwari, don idonsu ya fi kusa da ƙasa. A duba bayan kunnensu da cikin gashi da daddare.

Ɓata kuwa ana yi, na taɓa yin awa guda ina zagaye a Great Monk Wood, don ganye ya rufe ƙananan hanyoyi kuma itatuwan sun yi kama da juna. Sauƙin abin shi ne dajin siriri ne, faɗinsa bai wuce kilomita 4 ba a inda ya fi faɗi. A bi ƙarar motoci ko a miƙe gabas, za a fita titi. Ga mai zuwan farko, namiji ko mace, gara a tafi mutum biyu ko uku, a kuma gaya wa wani a gida hanyar da za a bi.

Ya dace a tsaya har faɗuwar rana?

In ƙafa ta yarda, i. Nakan daidaita tafiyata in iso gefen dajin ta wajen Bell Common da misalin ƙarfe 8, inda babbar hanyar M25 ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, aka shimfiɗa filin wasa a samanta. A wannan sa'ar tsuntsaye kan sake ɗaukar kuka kamar na asuba, barewa na fitowa bakin fili, jemagu ƙanana na fara farautar sauro, mujiya na gyara murya. A daren da ya yi ɗumi ba iska, daga ƙarshen Mayu, lokacin ne ƙwaro mai ƙahon nan ke tashi, jikinsa a tsaye, yana gurnani kamar ƙaramin inji, ƙasa-ƙasa har ka iya binsa da ƙafa. Sau biyu na dace da shi. A fita daga cikin itatuwa kafin duhu ya rufe, a yi magariba a gefen fili, daga nan tashar Epping tafiyar kimanin minti ashirin ce. In an isa gida, kafin a kwanta, a tuɓe a duba bayan gwiwa da hammata da ƙugu da matsematsi, a jefa tufafin cikin wanki.